TAZARAR MOTA DA ƘASA, DA TAZARARMU DA GIDA

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, da 'yan uwa mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas, barkanmu da zuwa gida.

Maganar da muke tafe da ita ƙarama ce a ido, wato tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa. Akasarinmu ƙananan motoci muke hawa, irin su Toyota Camry da Honda Accord, waɗanda tsayin cikinsu daga ƙasa bai wuce santimita 14 zuwa 16 ba. Ko taƙi ɗaya bai kai ba. Idan mutum biyar suka shiga, aka ɗora buhun shinkafar Kura a but, sai motar ta ƙara zaunawa.

A kan titin Kano zuwa Zariya wannan ba abin damuwa ba ne. Matsalar tana farawa ne da zarar an sauka daga kwalta. Albarkacin ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, noma ba ya tsayawa a Kadawa rani da damina. Taraktoci da manyan motocin da ke kwasar tumatir zuwa Kwanar Gafan kan zaizaye hanyoyinmu na burji, su bar kwari biyu da tudu a tsakiya. Wannan tudu shi ke dukan salansa, shi ke fasa kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Mai na tsiyayewa, inji ya buga.

Saboda haka muna ba direbobinmu shawara: a ɗora taya a kan tudun, kada a bi sawun babbar mota. A hau kwalbati a hankali, a ɗan karkace. Inda wuri ya yi muni, fasinja su sauka. In fitilar mai ta kama, a kashe mota nan take.

Amma 'yan uwa, dabarar tuƙi ba ta gyara hanya. Sau nawa aka yi jana'iza ko suna a ƙauyukanmu, muka aiko da uzurin cewa mota ba za ta shiga ba? Hanyar da ta hana mu zuwa, ita ce mai naƙuda za ta bi cikin dare zuwa asibitin Kura. Masu hali sun sayi Hilux sun huta, iyayenmu kuwa suna nan inda suke.

Muna roƙon wannan taro ya amince da abu biyu kafin damina. Na farko, kowane reshe ya ɗauki nauyin tifofin marmara, matasa su baje ta da aikin gayya. Na biyu, a tura wakilai ga ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a kan gyaran kwalbatoci da hanyoyin bakin magudanan ruwa.

Magabata sun ce zumunta a ƙafa take. Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, Ya mai da kowa gidansa lafiya.