Allon Waya Da Tarbiyyar Ƙananan Yara: Jawabi Ga Iyaye A Birnin Zariya

 Ya ku iyaye maza da mata, maganata a yau a kan yaron da bai kai shekara 6 ba ce, da abin da muke miƙa masa idan ya yi kuka.

A da, in aka ce yaro ya ɗauki allo a Kwarbai ko Limancin Kona, kowa ya san makaranta ya nufa. To yau an sami wani allon. Talabijin ta fara aiki a Kaduna a 1962, amma ita tana da lokacin buɗe tasha da na rufewa. Wayar salula kuwa, wadda ta shigo mana a 2001, tun da ta fara nuna hoto ba ta san rufe tasha ba, kuma har kan shimfiɗa take bin yaro.

Lalle ne mu san cewa bakin yaro ba ya buɗewa da sauraro kawai, sai da amsa-amsa. A 2003 wata malama, Patricia Kuhl, ta Jami'ar Washington a Amurka, ta bayyana gwajin da suka yi da jarirai 'yan wata 9. An zaunar da wasu gaban mutum yana yi musu Sinanci, zama 12, wasu kuma aka nuna musu irin wannan magana a bidiyo. Na farko suka iya rarrabe sautukan harshen, na bidiyo kuwa kamar ba su taɓa ji ba. Dalili shi ne mutum yana duban idon jariri, ya saurara masa, ya nuna masa abu. Allo kuwa zuba yake yi, ko yaro ya gane ko bai gane ba. Ashe kakar da ke yi wa jikoki tatsuniya a tsakar gida, tana jiran su amsa, babban aiki take yi.

Saboda haka a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, ya sami awa 3 na motsa jiki.

Sai dai ƙayyade lokaci ya dogara ga halin iyaye. Tun shekarun 1960 Diana Baumrind ta rarrabe iyaye: masu tsawa ba bayani, masu sakaci da sunan so, da masu haɗa tausayi da doka. Mai tsawa zai fizge waya, yaro ya koyi ɓoyewa. Mai sakaci zai mayar da ita duk sa'ad da aka yi birgima, yaro ya gane birgima tana biya. Na ukun shi ne mai gaya wa yaro tun farko lokacin da za a kashe, ya zauna su kalla tare, yana tambayarsa abin da ya gani, lokaci ya yi ya kashe ko da za a yi kuka.

Kada kuma a ɗora wa mata laifin su kaɗai. Uwar da ke girki, ga surfani a hannu, ga goyo, uzurinta a fili yake. Ina uban? Sau da yawa yana zaure, kansa a sunkuye kan tasa wayar, yaron ya kira shi sau uku bai ɗago ba. Lokacin cin abinci da na kwanciya, a ajiye waya a ɗaki, ta uban ce ta farko.