Kirfa da Ciwon Sukari: Jawabi ga Iyaye Mata da Masu Kai Saƙon Lafiya



Tambaya ɗaya ce ta yi ta dawo mana a unguwanni: shin kirfa tana warkar da ciwon sukari? Amsar ita ce a'a, amma zancen yana da tushe. A shekarar 2003 an yi wani gwaji a Pakistan da mutum 60 masu wannan ciwo, aka ba wasunsu kirfa kwana 40, sukarin jininsu ya sauka. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su zo da sakamako iri ɗaya ba, kuma da masana suka tattara su a 2012, sai suka ce hujjar ba ta isa ba. Saboda haka, wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya ko allurar insulin, kada ya ajiye ta don ya samu kirfa. Wannan ciwo yakan yi ɓarna a ɓoye, a ido da ƙoda da ƙafa, alhali mai shi yana jin ya samu sauƙi.

Kirfa ɓawon itace ce da ake kawowa daga Asiya. Ta Siri Lanka siririya ce, mai ninki-ninki. Mai kaurin nan kuwa, wadda ta fi araha, tana ɗauke da wani sinadari da ke iya illata hanta idan aka yawaita shi kullum. Ɗan barbaɗe a shayi ko kunu ba laifi. Cokali-cokali kowace safiya ne muke tsoro, musamman ga mai ciki, da mai ciwon hanta, da ƙananan yara.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗin kirfa da zuma. Zuma ai sukari ce. Haka ma shayin da aka cika wa sukari, kirfa ba ta rage masa komai. Kuma yaron da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma. Wanda bai kai wata 6 ba, nono kaɗai, ba jiƙo, ba ruwa.

Ku masu zagaye, idan kuka tarar da mai yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ko mai rama ba dalili, ko mai gyambon da ya ƙi warkewa, ku tura shi asibiti a auna jininsa. Idan yana shan kirfa, kada ku yi masa faɗa. Ku roƙe shi ya gaya wa likita, ya kuma faɗi yawan da yake sha.