Jawabi Kan Tsamin Jikin 'Yan Dako

Mu da muke kasuwar Mile 12 a nan Ikko mun san wahalar yaranmu 'yan dako. Buhun shinkafa kilo 50 ne, yaro zai wuni yana sauke shi daga mota, da dare cinya da sharaɓa su ɗaure masa tamau.

'Yan ƙwallo suna da wani gungumen soso mai tauri da suke murza jiki a kai bayan wasa. Mutum zai ɗora cinyarsa, ya riƙa gangarawa a hankali kamar minti ɗaya. Yana sassauta tsoka, yana rage tsamin jiki. Wanda bai da shi, muciya ma ta isa a murza.

Amma fa a kiyaye. Kada a murza gwiwa, ko wuya, ko ƙugu, ko wurin da ya kumbura. Targaɗe da karaya sai asibiti. Kuma murza ba ta hana rauni. A lanƙwasa gwiwa wajen ɗaukar kaya, kada a sunkuya.

Mu iyayen gida, amanar yaran nan tana wuyanmu, iyayensu na Arewa mu suka sani. Mu bar su su huta. Allah Ya ba mu lafiya, amin.