Cinikin Biri A Sama: Gwajin Manhajar Kwamfuta Da Takardar Shaidarsa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, reshen Ɗorayi, Kano





Kwamitin shirye-shirye ya umurce ni da in yi bayani a kan wata sana'a ta fannin kwamfuta wadda matasanmu za su iya shiga, ni kuwa na zaɓi gwajin manhaja. Kafin in yi nisa ina neman afuwar malamanmu, domin manhajar da suka sani ita ce jerin darussan da ake koyarwa a aji. To, zamani ya ari kalmar ya ba ta wani aiki. Manhaja a bakin mutanen yau ita ce jerin umurnin da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu don ta san abin da za ta yi. Ita ke lissafa albashinmu, ita ke tura kuɗi daga wannan banki zuwa wancan, ita kuma ke duba jarrabawar 'ya'yanmu da ƙannenmu.

Mu mutanen Ɗorayi ba baƙi ba ne ga gwaji. Da yawanmu da kuɗin masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai iyayenmu suka biya mana kuɗin makaranta, kafin rufe-rufen da ya biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wuta da kwararar kayan waje. A kowace masana'anta da ta san ciwon kanta, ta saƙa ce ko ta jima ko ta roba ko ta man gyaɗa, akwai wani mutum da ba ya saƙa, ba ya jima, aikinsa kurum ya ɗebi samfuri ya kai ɗakin awo. Ya ja yadi ya ga ko zai yage, ya jiƙa shi ya ga ko zai zuba, ya auna kaurin fata. Ma'aikata ba su cika son ganinsa ba, domin in ya ce kaya ba su yi ba, ba za su fita ƙofa ba. Saboda irin aikinsa ne gwamnati ta kafa hukumar SON a 1971, da NAFDAC a 1993. Mai gwajin manhaja shi ne magajin wannan mutumin, sai dai kayan da yake dubawa ba a ganinsu da ido.

Abin da ke damuna a matsayina na ma'aikacin gwamnati shi ne yadda ake karɓar manhaja a ofisoshinmu. In gini aka bayar, sai injiniya ya je ya duba kafin a sa hannu a takardar shaidar kammala aiki. In kujeru aka kawo, sai mai kula da sito ya ƙirga. Amma in manhaja ce, ɗan kwangila zai zo da kwamfutarsa, ya haska a bango, ya shigar da suna ɗaya ko biyu waɗanda shi da kansa ya zaɓa, komai ya tafi daidai, a tafa, a sha lemo, a sa hannu. Wannan nuni ne. Mai nuni yana bin hanyar da ya san ba rami, alhali mai gwaji ramin yake nema. Duk ofishin da ya biya kuɗi bayan nuni kawai, cinikin biri a sama ya yi.

Kada wani ya ɗauka abin ƙarami ne. Malamanmu sun tuna abin da ya faru da jarrabawar JAMB ta 2025. Da sakamako ya fito aka yi ta koke-koke, har ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amince cewa an sami tangarɗa. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas abin ya shafa, dole aka sake musu jarrabawa. Bayanin da aka yi shi ne, an yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai kai ga wasu daga cikin manyan na'urorin ba. Ku lura, gyara ne ya jawo ɓarnar. Shi ya sa masu wannan sana'a suke da ƙa'ida cewa duk lokacin da aka taɓa manhaja, ko da layi ɗaya ne, sai an sake gwada abin da yake aiki a da, kuma a gwada a inda za a yi amfani da shi.

Na Ingila ya fi wannan muni. Daga 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta soma aiki da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya yi. Manhajar takan nuna giɓin kuɗi a inda babu giɓi. Maimakon a tuhumi manhaja, sai aka tuhumi mutane. Tsakanin 1999 da 2015 an sami masu riƙe da ƙananan gidajen waya fiye da 900 da laifin sata ko maguɗin lissafi, wasu suka yi zaman kurkuku, wasu suka sayar da gidajensu suka biya abin da ba su ci ba. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da aibobi, a 2024 kuma majalisar ƙasar ta yi dokar wanke su. Akantocin da ke cikinmu su yi tunani: ranar da kwamfuta ta ce akwai giɓi a asusunka, wa zai yarda da kai ya ƙaryata ta?

To, yaya ake gwajin? Abu na farko, ba a iya gwada komai da komai. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya zazzage kowane buhu. Yakan soka ƙarfe ya zaro daga tsakiya da ƙasa, domin ya san inda ake ɓoye tsakuwa. Haka mai gwaji yake sanin inda aibi ya fi son ɓuya, wato a kan iyaka. Ga misali daga aikinmu. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. In an kawo manhajar fansho, gwada ta da mai shekara 45 ba zai nuna maka komai ba. Ka gwada wanda saura kwana ɗaya ya cika 60, da wanda ya cika yau, da wanda ya cika jiya. Ka gwada wanda ya cika 35 a aiki alhali shekarunsa 58. Sa'an nan ka tuna dokar tarayya ta 2022 wadda ta kai na malaman makaranta 65 da 40, ka duba ko manhajar ta san bambancin malami da magatakarda a inda ake aiki da dokar. Ka kuma shigar da wanda aka haifa ranar 29 ga Fabrairu ka ga yadda za ta yi da shi.

Akwai kuma gwajin da ɗan Kano ya fi baƙo sani. Shigar da Sa'adatu ko Mu'azu, domin wannan ɗan waƙafin da ke sama ya sha rikita manhajoji. Shigar da Ɗanladi da Ƙaraye da ɗ da ƙ ɗinsu masu lanƙwasa, ka ga ko za su fito daidai a takarda ko za su koma alamar tambaya. Lambar NIN goma sha ɗaya ce, lambar asusun banki goma, to ba ta goma a inda take son sha ɗaya, ba ta sha biyu, bar gurbin ba komai. Sa'an nan babban gwajin ƙasarmu: ana tsakiyar adana bayani, zare wuta. Ana tsakiyar tura kuɗi, katse intanet. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi a wurin mai POS, kuɗin kuma ba su isa ba, ya san muhimmancin wannan. Wanda ya tuna ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da kowa ya koma tura kuɗi ta waya, manhajojin bankuna suka riƙa sarewa, ya ga amfanin gwajin nauyi, wato a tara wa manhaja dubban masu amfani a lokaci guda don a san inda ƙarfinta ya tsaya.

Wanda ya rubuta manhaja yana da nasa gwajin, amma ba ya wadatarwa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma a nan ba rashin gaskiya ne ke kawo haka ba, sabo ne: idon da ya yi kuskure shi ne zai sake tsallake shi. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya daɗe da nuna cewa gwaji yana iya tabbatar da akwai aibi, amma ba ya iya tabbatar da babu. Saboda haka mai gwajin kirki ba ya rubuta cewa manhaja lafiya lau take. Yakan rubuta abin da ya gwada, da abin da ya samu, da abin da bai kai gare shi ba. In ya sami aibi, ya rubuta matakan da ya bi ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya kamata ya fito, da abin da ya fito. Malaman Turanci da suka wahalar da mu da rubutun rahoto, Allah Ya saka musu da alheri, ga inda wahalarsu take biya.

Game da kayan aiki ba zan tsawaita ba, domin suna sauyawa kamar yayin atamfa. Akwai Jira na rubuta aibobi da bin sawunsu. Akwai Selenium, wanda aka soma a 2004, da Playwright na kamfanin Microsoft wanda ya fito a 2020, waɗanda ke danna maɓallai su cike gurabu da kansu, su maimaita gwaji sau ɗari ba gajiya. Postman na duba saƙonnin da manhaja take aika wa 'yar'uwarta, JMeter kuma na gwajin nauyi. Selenium da Playwright da JMeter duk kyauta ne. Shawarata ga mai farawa ita ce ya yi 'yan watanni yana gwaji da hannu da takarda kafin ya taɓa su, domin inji yana maimaita abin da ka koya masa ne kawai, in tambayarka ba ta da kai, zai maimaita ta haka nan da sauri. Yanzu kuma da irin su ChatGPT ke rubuta manhaja cikin ƙiftawar ido, a ganina abin dubawa ƙaruwa ya yi.

Sai batun takardar shaida, wanda na san shi ƙannenmu suke jira. Wadda aka fi sani a duniya ita ce ta hukumar ISTQB, wadda aka kafa a Edinburgh a 2002, reshenta na Nijeriya kuwa shi ne NGSTQB. Matakin farko ba ya bukatar digiri ko wata takarda, ba kuma dole ne ka shiga aji ba. Tsarin karatun da ƙamus na kalmomi da samfurin tambayoyi duk suna shafin hukumar kyauta. A bugu na 4.0 wanda ya fito a 2023 babi shida ne. Tambayoyi 40 ne na zaɓi, cikin minti 60, ana cin jarrabawa da 26, wato kashi 65 cikin ɗari. Wanda harshen jarrabawar ba harshen uwarsa ba ne yana iya neman ƙarin minti 15, sai a tambaya tun lokacin rajista. Takardar matakin farko ba ta da wa'adin ƙarewa.

Ga mai shiri, babi na huɗu, na dabarun tsara gwaji, shi ya fi kowane tambayoyi, guda 11, alhali babin kayan aiki biyu kacal gare shi. Na huɗun ba ya haddatuwa, lissafi ne, sai an zauna da fensir an yi ta warwarewa. Sauran kuwa tarkonsu kalmomi ne. A wurinsu kuskuren da mutum ya yi daban, aibin da kuskuren ya bari cikin manhaja daban, gazawar da mai amfani ya gani daban, kuma tambaya ɗaya tana iya rataya a kan wannan bambanci. Ku yi samfurin tambayoyin da agogo a gabanku. Ku guji masu sayar da tambayoyin da suke cewa na sata ne, domin ban da haramci, yawancinsu na tsohon bugu ne. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ma ya sa tabbatar da ingancin manhaja cikin fannoninsa.

Amma in faɗi gaskiya, takardar ƙofa kawai take buɗewa. Mai ɗaukar aiki zai ajiye ta gefe ya miƙo maka waya ya ce nemo masa aibi. Don haka ina da roƙo biyu ga wannan ƙungiya. Na farko, 'yan'uwanmu masu masana'antu da shaguna a Sharaɗa da Chalawa da Bompai, da masu makarantu da asibitoci, kusan duk kuna da manhajar sito ko ta albashi ko ta sakamakon ɗalibai. Ku ba ƙannenmu masu koyo dama su gwada kwafinta, da bayanan da ba na gaske ba, su rubuto muku rahoto. Ku kun san inda rufinku ke yoyo, su kuma sun sami abin nunawa ranar neman aiki. Na biyu ga abokan aikina ne, musamman waɗanda Allah Ya kai kujerar sa hannu. A rubuta sharuɗɗan karɓa cikin takardar kwangila tun farko. A zaunar da magatakardan da za su yi aiki da manhajar su gwada ta da tsofaffin fayiloli na mako biyu ko uku, a kwatanta da lissafin hannu. A riƙe wani kaso na kuɗin har sai an gyara abin da aka samu, kamar yadda ake yi wa masu gini.

Wanda yake son shiga rukunin karatu na jarrabawar ya ba sakatare sunansa bayan an tashi, in mun kai goma sai mu nemi aji guda a ranakun Asabar.

 Allah Ya ƙara wa malamanmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.