GAIWA, KIFIN DA KE JIRAN RUWA A CIKIN ƘASA



'Yan uwa matasa, kowa ya san kifi in ya rabu da ruwa ya mutu. To ban da gaiwa. Ita Allah Ya yi mata huhu, iska take shaƙa kamar ɗan Adam, har ma in aka hana ta leƙo kai saman ruwa sai ta mutu a cikinsa.

In rani ya yi, fadama ta fara ƙafewa, sai ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta fitar da yauƙi daga jikinta. Yauƙin nan ya bushe ya zama mata kamar jaka, sai 'yar kafa wajen baki don iska. Haka za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha. Da me take rayuwa? Da tsokar jikinta. Ashe da Bahaushe ya ce gaiwa jikinta take ci, ba zolaya ba ce. Masana sun ajiye ta a haka har fiye da shekara 3, aka zuba ruwa ta farka.

Amma fa 'yan uwa, duk haƙurin nan nata jiran dawowar ruwa ne. A fadamun Haɗeja da Nguru, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu ƙwarai. Inda ruwa ya daina kaiwa, nan gaiwa za ta ci jikinta har ta ƙare. Masunci da manomin shinkafa na wurin su ma ruwan nan suke jira.