Karɓar Baƙin Sallah Ga Masu Ciwon Jiki

Malamanmu, shugabannin ƙungiya, iyayenmu maza da mata, da matasanmu na Congo-Russia, muna gaishe ku. An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a madadin 'yan kasuwa, to ga shi Babbar Sallah ta ƙarato, sai muka ga mu tabo wani abu da ke cikin kusan kowane gida amma ba a faɗarsa a taro, wato karɓar baƙin Sallah ga mutumin da ciwo ya zauna masa a jiki.

Mu da muka haura hamsin a kasuwar garin nan, kaɗan ne a cikinmu ba su da ciwon baya ko gwiwa. Tun gobarar kasuwar Terminus a 2002 da yawanmu muka koma kasa kaya a bakin titi, a fito da su da safe a kwashe da yamma. Ga kuma sanyin Jos, garin da ke kan tudu kimanin mita 1,200. Iyaye mata kuwa nasu ya fi namu, don tsugunno gaban murhu da jiɗar ruwa ba su da ranar hutu.

Bari mu ba da misali da gidanmu. Sallar 2023 ta faɗo ƙarshen watan Yuni, ana tsakiyar damina, itace duk ya jiƙe. Uwargida na fama da gwiwa shekara da shekaru, mu kuma baya. 'Yan'uwa sun ce za su zo daga Bukuru da Bauchi. Kunya ta hana mu cewa ba mu da lafiya. Tun asuba ta hau suyar masa, ta ɗora miyar taushe, bayan an sauko Idi aka shiga aikin nama. Don ta jure sai ta riƙa haɗiyar maganin kashe ciwo na kemis, ba komai a cikinta. Baƙi sun ci sun yi santi. Washegari da dare muna asibiti, likita ya ce maganin ne ya ƙwaƙule mata ciki. Kuɗin da muka kashe ya kusa na ragon. Abin da ya fi mana zafi shi ne baƙin da kansu suka ce da sun sani da sun taho da hannun taimako.

To jama'a, ga abin da muka koya.

Na farko, a faɗi gaskiya tun da wuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kiran waya ɗaya ya isa: "Yaya, bana jikin Hajiya sai a hankali, ku taho da masa, mu za mu yi miya." Duk ɗan'uwan da zai ji haushin wannan, to ba zumunci ya kawo shi ba.

Na biyu, a raba aikin a kan kwanaki. Cefanen Farin Gada, tumatir da tattasai da albasa, a yi shi kwana biyu kafin Sallah, a markaɗa a tafasa. Cincin da dubulan ba sa lalacewa a mako guda. Malamanmu na nan, sun karantar da mu cewa a mazhabar Malikiyya yankan layya kwana uku ne, ranar Idi da kwana biyu bayanta, kuma wanda ba ya iyawa zai iya wakilta Musulmi ya yanka masa. Addinin da ya yarje wa maras lafiya ya yi salla a zaune ba zai tilasta masa fiɗar rago a durƙushe ba. A kira mahauci, a biya shi.

Na uku, maganar magani. Irin su diclofenac da ibuprofen, idan an sha su da yawa ko ba abinci a ciki, suna jawo gyambon ciki kuma suna taɓa ƙoda, musamman ga mai hawan jini. Haɗin da ake ƙullawa a leda kuwa ba ka san abin da ke ciki ba. Tramadol kuma kun ga yadda ya yi da wasu yaranmu. A ga likita kafin Sallah, ba bayanta ba. Masu ciwon nan da ke kumbura babban ɗan yatsan ƙafa, wanda likitoci ke kira gawut, su yi hattara da hanta da ƙoda da sauran kayan ciki, don suna tayar da shi.

Na huɗu, mu maza. Ba daidai ba ne mu shimfiɗa darduma a zaure muna aika yaro ya ce a ƙaro nama, alhali mai ɗakin tana dafa bango kafin ta miƙe. A ɗaga mata murhu a kan bulo, a sa mata kujera mai jingina, samari su karɓi suyar nama da wanke-wanke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada kuma a ce ciwo ya sa an yanke kai kwano gidan maƙwabci. Mun san abin da unguwar nan ta gani tun Satumbar 2001, mun san darajar kwanon da ke tsallaka titi zuwa gidan wanda ba addininmu ɗaya ba. Ko da ɗan soyayyen nama ne, yaro ya kai.

Bara a gidanmu abinci kala biyu kawai aka yi, Hajiya tana zaune tana ba da umarni, ta yi hira da baƙinta har la'asar. Ba wanda ya tashi da yunwa. Ai dama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne kowane layi ya rubuta gidajen tsofaffi da marasa lafiya, a tura musu matasa biyu-biyu ranar Sallah da washegari. Mu 'yan kasuwa mun ɗauki nauyin gawayi da ladan mahauci na gidajen da ba su da hali. Mai son sa hannu ya ga sakatare bayan an tashi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya karɓi layyarmu, Ya zaunar da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum.