Amsoshin Wasiƙunku: Tsiro A Kunne, Sai An Tsaga Kai?

Wani manomi daga ƙasar Funtuwa ya rubuto cewa kunnen mai ɗakinsa ya shekara yana zubar da ruwa mai wari. Likita ya ce tsiro ne a bayan dodon kunne, sai an yi aiki. Yana tambaya, tsaga mata kai za a yi?

To malam, kwantar da hankalinka. Irin wannan tsiro galibi ba ciwon daji ba ne, fata ce ke taruwa inda bai kamata ba. Amma fa kada a raina shi, domin yana cin ƙashi a hankali. Ƙashin da ya raba kunne da ƙwaƙwalwa siriri ne, in ya huda shi yana iya jawo sanƙarau. Jijiyar da ke motsa fuska ma ta nan ta bi, in ya taɓa ta sai baki ya karkace.

A da, sai an yanka bayan kunne an rarake ƙashi. Yanzu akwai siririyar na'ura mai fitila da kyamara, kaurinta kamar milimita 3. Ta ramin kunne ake zura ta, likita na kallo a allo yana cire tsiron. Sharaɗi dai, kada ya yi nisa. In ya bazu, sai yanka.

Saboda haka kada ku ce sai kaka ta yi. Ban da ɗiga manja ko ruwan ganye. Ku nemi likitan kunne. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999. Bayan aiki a riƙa komawa asibiti, don tsiron yakan dawo. Allah ya ba ta lafiya, amin.